Kalmar da Ta Kai Babanku Kaso

Na san abin da Gwaggonku Lanto ta gaya muku, Allah ya jiƙanta. Ta ce da na buɗe baki na faɗi magana ɗaya a gaban taron unguwa, da babanku ya kwana a gida ranar, da kuma bai rasu da sauran ƙuruciyarsa ba. Ba ƙarya ta yi muku ba. Sai dai ba ta gaya muku ko wace magana ce ba, balle wanda za ta faɗa wa a ka, domin ita ba ta je wurin ba, tana gida tana jiran a kawo mata labari. Ni na je. Yanzu ido ya soma gajiya, hannu ma haka, shi ya sa nake so in ajiye muku wannan tun ina iya riƙe biro, da bokon da shi babanku ya koya mini a kan tabarma. Kai Habibu lokacin ba a sa ka makarantar boko ba tukuna, wadda muke ce wa lakwal, Saude ba a daɗe da yaye ta ba, ke kuwa Nana kina ciki.

Gidanmu na Zongo gidan fataken shanu ne tun kakanni. Baffanku Alhaji Mamman, wan babanku, shi ne babba, shi ke karɓar shanun da ake gangarowa da su daga arewa ya sayar wa mahautan Kwatano. Inna, kakarku, tana ɗakin tsakiya, ba a ɗora tukunya ba a saukewa sai da saninta. Babanku ne ya fita daban a gidan. Shi kaɗai aka sa lakwal, ya yi ta karatu har ya zama mushe, yadda muke kiran malamin boko a nan, yana koyar da Faransanci a wata kwaleji. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, siyasa kuwa ko a bakinsa. Cutarsa ɗaya ce: in ya ji kalma, ba shi da sukuni sai ya san daga inda ta fito. Yakan tsayar da mai tallan gari a ƙofar gida ya tambaye ta yadda ake kiran rogo a garinsu, har Inna ta leƙo ta ce ya saki baiwar Allah ta tafi neman abincinta. Zamanin juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad, har limami in ya shiga ofis. Kowace unguwa an naɗa mata dalige, wato wakilin da ke sa ido a kan masu shiga da fita. Mu dai ba ruwanmu. Ni ina da rumfar atamfa a kasuwar Dantokpa, ina ɗaukar kaya a kantin wani Ba'indiye.

A bayan wannan kanti, tsakanin dilolin yadi, akwai wani tsoho da ke zama a kan kujerar katako, kawun mai kantin. Siriri ne ƙwarai, gashinsa fari fat, ba ya cin nama, ba ya sayar da komai. 'Yan kasuwa suna kiransa Baba Indiya. A ƙasarsu malamin Sanskirit ne, tsohon harshen da littattafansu da addu'o'insu suke ciki. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, shi ne ɗan ƙanwarsa ya ɗauko shi. Yana jin Faransanci kaɗan, Hausar kasuwa kaɗan, yana kirana ɗiyarsa. Ni na haɗa su da babanku, don na ga irin cutarsu ɗaya. Daga nan kowace Lahadi da yamma sai mu tafi, ni ina zaɓen kayan sati, su suna shan shayi mai yaji a baya.

Wata rana na ɗago wani mayafi ja mai ɗigo-ɗigon fari, irin wanda ake ƙulle yadin da zare kafin a tsoma a rini, na tambayi sunansa.

"Bandhani," in ji tsohon.

Babanku ya ajiye kofi. "Daga ina kalmar ta fito, Baba?"

Tsohon ya zaro zare daga bakin wani yadi, ya naɗa a yatsansa, ya ƙulle, ya ɗaga mana.

"Bandh," ya ce. "Wannan ne saiwar. Ɗaure."

Ya sa ni in faɗa. Na ce banɗ, da irin harafinmu, ya yi dariya har da tari, ya ce na kusa, amma sai na saki iska a ƙarshe kamar mai huci. Sannan ya shiga bayani, babanku yana juya mini abin da ban gane ba. Ya ce a harshensu kowane aiki yana da saiwa ƙarama, suna kiranta dhatu, kuma malamansu na dā sun jera saiwoyin nan gaba ɗaya, kowace da ma'anarta a gefe, yara suna haddacewa kamar yadda namu ke haddace sura. Daga wannan saiwa ɗaya kalmomi suke tsirowa. In an ce badhnati, yana ɗaurewa ke nan. Baddha shi ne ɗaurarre. Bandhana igiya ce, ko mari, ko zaman kaso. Bandhu kuma ɗan'uwa.

"Ɗan'uwa?" in ji babanku. "Me ya haɗa ɗan'uwa da mari?"

"Kana da wa?" tsohon ya tambaye shi.

"Ina da shi."

"To, wa ya fi shi ɗaure ka?"

Babanku bai yi barcin kirki ba satin nan. Ya tono wani littafi a kwalejinsu, Lahadin da ta biyo ya tafi da shi a hammata. Ya ce wa tsohon masana sun bi diddigi sun gano Sanskirit da Farisanci da Jamusanci da wasu harsuna da yawa uwarsu ɗaya, wani harshe da aka yi tun kafin a san rubutu. Saiwar tana can a cikinsa, suna jin kamar bhendh ake faɗarta. Shi ya sa Farisawa ke cewa band, Jamusawa ke cewa binden, su kuma Faransawa suka ari bande daga maƙwabtansu, suna kiran ƙyallen ɗaure ciwo da ita, suna kuma kiran gungun mutane da ita. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Harshen da ba wanda ya rubuta, wa ya ji shi? Namu ba shi da uwa. Shi ne uwa."

Sun yi watanni suna wannan gardama, ba wanda ya ja baya, ba wanda ya ɓata rai. Ni ma na taɓa sa baki, na ce ai mu ma ɗaure aure muke yi, mu kuma ɗaure ɓarawo. Babanku ya ce Hausa ba danginsu ba ce, mutane ne dai, ko'ina suke sun san igiya. Iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan, 'ya'yana. Na zauna a wurin, na ji da kunnena.

Sai aka wayi gari wata Lahadi a farkon shekara da ƙarar bindiga daga wajen filin jirgi. Sojojin haya ne suka sauka, Turawa da baƙaƙe, suka yi abin da suka yi na 'yan awoyi suka koma jirginsu. Su sun tafi, mu aka bari da abin. Rediyo ya ce wasu sun ɓuya a gari, kowa ya bincika maƙwabcinsa. Samari suka datse tituna da sanduna da adduna, duk wanda fatarsa ko harshensa ya bambanta sai a tsayar da shi. Mu mutanen Zongo, da kakanninmu suke kwance a maƙabartar garin nan, muka koma baƙi a sati ɗaya. Daga safe har dare rediyo kalma ɗaya yake maimaitawa in zai ambaci maharan: bande, gungun 'yan haya, gungun maciya amana.

Abin da ya faru a aji, wani abokin aikinsa ne ya zo ya gaya mini a ɓoye. Wani ɗalibi ya tambayi babanku me ya sa ake kiran ƙyallen asibiti da gungun mutane da suna ɗaya. Da ya ce masa ya zauna ya yi shiru, da shi ke nan. Amma an taɓo masa inda yake so. Ya ɗauki alli ya rubuta saiwar a allo da harufan Indiya, yadda tsohon ya koya masa, ya ja layuka zuwa kalmomin da suka fito daga cikinta. Ya ce asalin bande mutane ne da wani abu ya ɗaure su tare, kuma a Sanskirit daga saiwar nan aka sami kalmar ɗan'uwa. Kafin a tashi, labari ya kai inda ya kai: mushe ya rubuta alamun sirri a allo, ya kuma ce maharan 'yan'uwa ne. An hana goge allon. Washegari da hantsi jandarmomi suka fitar da shi daga aji a gaban ɗalibansa. Da suka tambaye shi wa ya koya masa rubutun, ya faɗa, don bai ga abin ɓoyewa ba. Da yamma samarin unguwa suka je kanti suka ɗauko tsohon.

Alhaji Mamman bai zauna ba, wannan kam ku riƙe masa. Ya zaga duk inda ya san mutum, ya kai bijimi inda ake kai bijimi. Bayan 'yan kwanaki ya tara mu a ɗakin Inna ya ce an sami hanya, amma a bakina take. Daligenmu, Tairu, ɗan maƙwabta ne, a gabanmu ya girma. Zai kira taron unguwa, ni kuma in miƙe in ce na ga Turawa suna shiga kantin kafin harin, tsohon ne kuma ya ba mijina alamun ya ce ya rubuta, shi bai san ma'anarsu ba. In na faɗa, laifi ya koma kan baƙo, a saki ɗan gida.

"Ban ga Bature ba, Yaya Alhaji," na ce.

"Wa ya tambaye ki abin da kika gani?"

Inna ta jawo hannuna ta ɗora a kan cikina. "Rakiya, wannan da ke ciki uba yake so. Wancan tsoho ba jininmu ba ne, ba addininmu ba, ƙafarsa ɗaya tana kabari. Ke kika kai ɗana wurinsa. Ke za ki fito da shi."

Na ce to. Ku ji da kyau, na amsa. Da niyyar faɗa na kwana, da ita na tashi.

Ranar taron Alhaji ya kai ni ofishin Tairu tun da azahar don a bita mini maganar. Wani tsohon shagon hatsi ne aka mayar ofis. Tairu ya rame, idonsa ja, yana ta murza hularsa. Ya ce mini kamarad, sannan ya rage murya ya ce, "Yaya Rakiya, daga sama ake matsa mini. Sunan wani suke so. In ban ba su baƙo ba, ɗan gida za su riƙe." Da suka fita da Alhaji suna magana, na ji an yi tari a ɗakin ajiya na baya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Tsohon yana zaune a ƙasa a kan buhu, gefen fuskarsa a kumbure, an karya masa tabarau. Ya gane ni da murya. Ashe ya ji duk abin da aka shirya.

"Ɗiyata," ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "ki faɗi. Ni tsoho. Shi yara."

Na dai ji sauƙi a raina, na ce tunda shi ma ya yafe, Allah zai yafe. A tunanina za su kai shi kurkuku, danginsa masu kuɗi su fanshe shi, a sa shi a jirgi.

Bayan la'asar aka taru a filin makarantar firamare. Ban taɓa ganin jama'a haka a unguwar ba, har da waɗanda ba 'yan Zongo ba, sun ji an kama ɗan leƙen asiri. Aka yi kirarin juyin juya hali, aka ɗaga hannu. Sannan aka fito da tsohon, hannunsa a baya, an ɗaure shi da igiyar shanu. Na san igiyar. Irin tufkar gidanmu ce, da ita aka ja bijimin da Alhaji ya kai. Babu jandarma ko ɗaya a filin, babu mota. Samari sun yi zobe da sanduna, suna matsowa kaɗan-kaɗan. Kusa da ni wata mata, mai goyo kamar kowa, ta sunkuya tana tsintar duwatsu tana zubawa a haɓar zaninta. A nan na gane ba kurkuku za a kai shi ba. Maganata kawai ake jira.

Tairu ya kira sunana. Na miƙe, ke Nana kina motsi a cikina.

"Kamarad, gaya wa jama'a abin da kika gani a kantin mutumin nan."

Na dubi Alhaji, ya gyaɗa mini kai. Na dubi tsohon, ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Na buɗe baki da niyyar faɗar abin da aka koya mini, wallahi da niyyar, sai na ji kaina ina cewa:

"Shayi na ga suna sha. Gardama suke a kan kalma."

"Turawan fa?"

"Ban ga Bature ba."

Ya sake tambaya, na sake faɗa. Filin ya ɗauki guna-guni, wani ya zage ni daga baya, wani ya ce a haɗa da ni. Amma abin ya riga ya huce, kamar an zare itace daga murhu. Wasu dattawa suka miƙe suka ce lokacin salla ya gabato. Tairu ya rasa yadda zai yi, ya sa aka mayar da tsohon ɗakin ajiyar ofishinsa, da safe ya miƙa shi ga jandarmomi. Alhaji bai jira ni ba. Ni kaɗai na taka zuwa gida, na tarar labari ya riga ni. Inna tana zaune a bakin ƙofarta, ta dube ni ta ce:

"Kin zaɓa."

Ba ta ƙara yi mini magana ba sai bayan shekara, ranar ma cewa ta yi in matsa mata hanya.

Cikin satin aka ɗauke babanku daga Kwatano aka kai shi wani sansani a arewa, ba shari'a, ba a gaya mana ranar fita ba. Ban bar gidan ba, ko da yake an so in bari. Aka raba mini tukunya. Rumfata ta mutu, don kantin an rufe shi, sauran masu ba da kaya kuma suna tsoron a gan su da matar ɗan kaso, na koma soya ƙosai a ƙofar gida. Da na haife ki Nana, ungozoma da wata maƙwabciya Bayarabiya ne kawai a kaina. Alhaji ya yanka rago, wannan bai fasa ba, amma a zaure aka raɗa suna, ba wanda ya leƙo ɗakina. Tsohon kuwa an kore su daga ƙasar shi da ɗan ƙanwarsa. Kafin damina ta ƙare wani direba ya kawo labarin ya rasu a Ikko, a gadon asibiti. Lanto ce ta zo har bakin murhuna ta gaya mini, ta ce in lissafa watannin da na saya masa, in lissafa kuma abin da na biya. Har yau in na ce ina da amsar da zan ba ta na yi ƙarya. Abin da na sani kawai, a gado ya mutu, ba a filin makaranta ba, kuma matar nan mai goyo ta zubar da duwatsunta ta tafi gida.

Shekara biyu da wani abu babanku ya yi a tsare. Wata rana da rana tsaka motar shanu ta sauke shi a bakin titi, yara suka shigo suna cewa ga wani tsoho yana tambayar gidan Alhaji. Habibu, kai ka ɓuya a bayana. Haƙoransa na gaba babu, hannun damansa ba ya miƙewa, yana tari mai zurfi wanda bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ba a mayar da shi aiki ba, shi ma bai nema ba. Mai tallan gari takan wuce, ba ya ɗaga kai. Inna ta so ya sake ni, ta faɗa a gabana, ya yi kamar bai ji ba. Bai sake ni ba, bai kuma yi mini maganar ba. Muna ɗaki ɗaya, ina yi masa wanka, ina dama masa kunu tunda ba ya iya tauna, tsakaninmu sai sannu da yauwa.

'Yan shekarun da ya ƙara a duniya, sau ɗaya muka taɓa zancen, kuma ba zan ƙara masa gishiri don ku ji daɗi ba. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Wata safiya ce, kun tafi lakwal, gidan ba kowa, na kawo masa kunu na durƙusa ina fifitawa. Yana kallon bango ya ce:

"Alhaji ya zo mini sau ɗaya a can. Ya gaya mini abin da kika yi."

Na ci gaba da fifita kunun.

"Na tsine miki, Rakiya. Ba sau ɗaya ba. Ranar da suka karya mini hannun nan sunanki na kira, ba kuma da alheri ba. Na fi so ki ji daga bakina."

Ludayin yana hannuna, na kasa ajiyewa. Na ce, "Yanzu fa, Mushe?"

Tari ya taso masa, na jira ya lafa.

"Yanzu ban sani ba," ya ce. "Da kin faɗa, da na dawo da haƙorana. Sai dai ban san yadda zan yi in ci abin da hannunki ya dafa ba."

Sannan ya juyo ya dube ni, karo na farko tun dawowarsa da ya dube ni sosai, ya miƙo hannun hagu.

"Kawo kunun, zai huce."

Na miƙa masa. Ya shanye duka.